Balangun Malam Isufu

Tsahara na matse tsumma a bakin famfon asibiti sai ta hango surukinta, Malam Isufu, ya shige ɗakin majinyata da ƙunshin takarda duk nason mai. Ta yar da tsumman ta bi shi, goyonta na jijjiga a baya.

Da safen nan aka zura wa mijinta Muttaƙa siririn tiyo mai fitila ta maƙogwaro, aka ɗaure jijiyoyin da ciwon hanta ya kumbura masa, waɗanda suka fashe shekaranjiya ya yi ta aman jini a gonar albasa. Likita ya nuna mata irin robar da aka ɗaure su da ita a tafin hannunsa, ba ta kai ƙwayar wake ba. Ya ce, "Yau ruwa kawai, gobe kunu. Abu mai tauri ya goge ta, jini zai dawo. Ni kuma da azahar zan koma birnin Tawa."

Ga shi har an kira la'asar.

Ta tarar tsohon ya buɗe ƙunshin a kan gado. Balangu ne, ya sha yaji.

"Tun daga Malbaza na riƙo maka shi. Jinin da ka zubar, nama ke maida shi."

"Baba, likita ya ce..."

"Likita ya haife ka? Dubi yadda ka koma kamar karan dawa. Ci in gani."

Muttaƙa bai taɓa yi wa ubansa musu ba. Ya ɗauki yanka guda.

Shekara huɗu da aurenta Tsahara ba ta taɓa haɗa ido da surukinta ba, daga durƙuso sai gaisuwa. Ta waiga ƙofa, babu ma'aikaci ko ɗaya. Ta kama wuyan hannun mijinta ta riƙe gam.

"Baba, ba shi ci."

Tsohuwar da ke jinya a gadon kusa ta dafe ƙirji.

"Da ni kike, ɗiyar nan?"

"Da ku nike, Baba. Kwano biyu na jini ni na wanke. In ya haɗiye wanga, sai dai ku wanke na uku. Ni ban iyawa."

Ba ta saki hannun ba. Malam Isufu ya daɗe yana kallon ɗansa. Sannan ya zare naman daga yatsunsa, ya naɗe takardar ya tura ƙarƙashin kujera.

Ya juya fuskarsa ga bango ya ce, "Kunun, na gero ya ce ko na shinkafa?"