Hita Mai Wat Ɗari Biyu

Shekara tara 'yata ba ta roƙe ni komai ba, ko allura. Tun da muka rabu da uwarta ta koyi yi mini gaisuwa irin ta asibiti: ina kwana, ya jiki, sai anjima. Shi ya sa ranar da ta kira ta ce wurin aikinta sun tura ta kwas na mako uku, ko zan riƙa leƙa ɗakinta ina ciyar mata da kifi, sai da na zauna a kan buhun abincin kaji na ce ta maimaita.

Kifin guda ɗaya ne tak, ja, mai baza jela, bai kai babban yatsana ba. Yana cikin akwatin gilashi mai cin lita ashirin, a kan tebur gindin taga. Ni da nake kwana nake tashi da kaji dubu uku, na ce wannan ai wasan yara ne. A raina kuwa na riga na yi lissafin yadda za ta dawo ta same shi ya yi ɓulɓul, ta ce in zauna in sha shayi.

A kwana na huɗu aka tashi da ruwan sama da sanyi mai shiga ƙashi. Na tarar da 'yar fitilar hitar da ke ɗumama ruwan akwatin a mace, ruwan ya yi sanyi ƙarara, kifin ya lafe a ƙasa ko kallon abinci ba ya yi. Na cire hitar na nufi shagon masu sayar da kayan kifi.

Mai shagon ya juya ta a hannu ya ce, "Ta ƙone, Baba. Lita nawa akwatin yake ci?"

"Ashirin."

Ya miƙo mini wata siririya kamar alƙalami. "Wat ashirin da biyar. Ita ce daidai da shi."

Na dube ta, na ji kunya ta kama ni. Abu ɗaya yarinya ta roƙe ni a shekara tara, in je in saka mata wannan tsinken? Can sama na hango wata doguwa mai kauri, da maɓallin murɗawa a kanta.

"Waccan fa?"

"Wat ɗari biyu ce, ta manyan tankuna. A ɗan akwatinka in aka kuskure, miya za ka dafa."

"Ɗana, tun ba a haife ka ba nake ɗumama 'yan tsaki. Sanyi ke kisa. Sauko da ita."

Ya sauko da ita, ya haɗa mini da ma'aunin zafi na mannawa a gilashi. Na tura masa abinsa, na ce bayan hannuna ya ishe ni ma'auni. Ya ɗaure mini hitar a leda.

Da ƙyar ta shiga akwatin, sai da na kwantar da ita a karkace. Washegari da safe na tarar da kifin ya raɓe a jikinta. A sana'armu wannan karatu ne da ko makaho ya iya: 'yan tsaki in sun taru gindin fitila sanyi suke ji, in sun watse zafi ya yi yawa. Na ce ashe bawan Allah har yanzu bai ji ɗumi ba. Na murɗa maɓallin har ƙarshe, na ja labule, na tafi gona ina jin na yi abin kirki.

Da yamma na dawo. Tun daga ƙofa na ga murfin akwatin ya yi gumi. Na dafa gilashin, ɗumi kamar kofin shayi. Kifin yana saman ruwa a kan gefensa, jan nan duk ya koɗe. Ɗan tsako in zafi ya ishe shi yana da lungun da zai gudu. Ban taɓa tambayar kaina inda kifi zai gudu a cikin lita ashirin ba. Garin gyaran gira na tsone ido, kuma ba ni da wanda zan ɗora wa laifi. Na zare wayar daga bango na zauna a bakin gadonta.

Na yi tunanin komawa shagon in nemo mai kama da shi. Amma ƙarya ce ta raba ni da uwarta, kuma yarinyar ta sani. Na kira ta.

"Baba, lafiya? Yana cin abinci kuwa?"

Na faɗa mata komai, har da gargaɗin mai shago, ban rage ba. Na jira ta yi faɗa, ta yi kuka, ta faɗa mini maganar da ta daɗe tana haɗiyewa. Wallahi da na ji daɗi, don wanda aka sa wa rai ake yi wa faɗa.

Sai ta ce, "Ba komai, Baba. Sannu da ɗawainiya."

"Ki bari in saya miki wani. In kin dawo mu je tare ki zaɓa."

"A'a, kada ka wahalar da kanka. In za ka fita, ka bar wa maƙwabciyata makullin."