Ba Gaisuwa Sista Ke Yi Ba

Ta sauka, Yaya Turai, wallahi ta sauka. Gubar dalmar da ke cikin jinin yarinyar nan tawa ta sauka, yanzun nan anka nuna min takarda, ga ta gabana tana cin ƙosai kamar ba ita ba. Ke dai tsaya ki ji, don saura kaɗan in mai da ta gida Duza ba magani, kuma da bakina.

Kin san ajin Turancin da nake zuwa ran Asabar wurin Malama Agnes. Abin da munka fara koyo, in an ce miki "hawa yu", ki ce "fayin, tankiyu". Mun rera shi har ya zauna min a baki kamar lahiya lau.

To wata biyu da sunka wuce yarinyar ta yi kwana uku tana amai, ba ta cin komi. Ran Talata da hantsi idonta ya juye, jiki ya sandare, sannan ta dawo. Laraba munka hau mota zuwa asibitin Anka, ni da Inna, uwar maigidana. Ranar tafintan asibitin bai zo ba, ga layi har bakin ƙofa. Sista Cynthia, wata 'yar Kudu mai saurin baki, tana rubutu ko kai ba ta ɗaga ba tac ce, "Mama, hau bodi? Bebi nko?"

Na gane ta sarai, jiki take tambaya. Amma wa ke kai kuka cikin gaisuwa? Mu ai sai an tambayi gida, an tambayi gajiya, sannan a ce mi ke tahe da ku. Ga Inna tsaye a kaina, ga yarinya ɗiyar fari ce, ko sunanta ban kira. Nic ce fayin, tankiyu, har da murmushi, ina jiran ta zo kan maganar. Ba ta zo ba. Yarinya na barci a bayana, ta taɓa goshinta ba zafi, ta ba mu maganin tsutsa, ta kira ta gaba.

Mun kai tasha, Inna ta shiga mota, saura mutum biyu ta cika. Yarinya ta farka ta sheƙa amai a zanena, kanta ya langaɓe. Nan na tuna wata magana da Malama Agnes ta taɓa yi, muna mata dariya, wai Turancin littafi daban, na baki daban, kuma mutanensu in suna kan aiki gaisuwa da tambaya a haɗe suke, kalma biyu an gama. In kin ce lahiya, sun yarda lahiyar ce.

Nic ce wa Inna zan koma. Tac ce ai an riga an duba, kuma wace uwa ce ke rawar jiki kan ɗiyar fari a gaban mutane. Direba na ta danna hon, wai ko a shiga ko a ba wani wuri. Yaya, ban taɓa yi wa Inna musu ba. Nic ce ta yi haƙuri, na juya.

Layi ya ƙaru, mata na ta surutu don na tsallake su. Na tsaya gaban tebur, duk abin da munka rera a aji ya gudu. Abin da ya fito sai irin nasu na baki da nake ji a kasuwa.

"Sista, bebi no fayin. Wahala de."

Na nuna mata zanen, na juya idona, na sandare hannu yadda yarinyar ta yi. Ta aje biro. Ta tambayi garinmu, da nic ce Duza, inda gubar dalma ta yi ƙamari, sai ta miƙe, tana faɗan mi ya hana ni magana tun ɗazu. Nan take anka ɗebi jini, anka ba mu gado. Ina waiwayawa na ga Inna a bakin ƙofa da ƙullin kayanmu a ka, ashe ta bar motar ta tahi. Ta karɓi zanen ta je wankewa.

Don Allah ki gaya wa matan unguwarku can Gummi, in sista ta tambayi jiki a faɗi ciwo tun a kalmar farko, gaisuwa ta jira. Kuma ki kai ma ƙanwarmu Ma'u wannan saƙo a Gwashi yau ɗin nan, an ce ɗanta ma yana amai.