Kan Kifin Si Monji

Shekara ashirin da bakwai Si Monji ya yi yana shugabancin ƙungiyar masuntan garin Binzart da ke bakin teku, kuma duk tsawon shekarun nan ko lomar kifi ɗaya ba ta wuce maƙogwaronsa ba. Yana ɗan shekara shida ƙayar kifi ta maƙale masa a wuya, aka kwana biyu ana ɗura masa man zaitun da busasshen burodi kafin ta sauka. Tun daga ranar, ko ƙarnin kifi ba ya iya jurewa. Ubansa masunci ne, kakansa ma haka, amma da yake shi ya fi kowa iya tsara wasiƙa, sai aka bar shi a tudu yana rubuta wa masu jirage koke. Da haka ya zama magatakarda, daga baya ya zama shugaba.

Ba wanda ya san sirrin sai matarsa Shadliyya. A garin da ba a ɗaura aure ko a sasanta rigima sai an zauna a kan kifi, dole mutum ya nemi dabara. Tasa ita ce, da zarar an ajiye faranti sai ya miƙe ya ce yana da 'yar magana. Kafin ya gama bayani a kan tsadar man jirgi da rashin imanin dillalai, kowa ya ƙoshi, Shadliyya kuwa da ke gefensa ta riga ta musanya farantinta da nasa. Shi ya yi suna a iya jawabi, ita ta yi ƙiba, mata suna cewa ta dace da gidan miji.

Da ya ce zai sauka ya huta, ƙungiya ta shirya masa walimar rana a gidan abincin Rida da ke bakin tsohuwar tashar jiragen ruwa, inda tebura ke dab da ruwa har igiyar kwalekwale na gogar ƙafar kujera. Si Monji ya sa farar kwat, ya cusa jawabi mai shafi tara a aljihu, ya taho hankali kwance.

Tun a ƙofa abin ya fara lalacewa. Aka ja Shadliyya can ƙarshen tebur cikin matan masu jirage. A damansa aka zaunar da Madam Nabiha, wata baƙuwa daga Tunis da ke aiki da wata ƙungiyar kare teku, ta zo da mai ɗaukar hoto na talabijin. A hagunsa Lutfi, abokinsa tun na yarinta, tsohon matuƙin jirgi wanda gishiri ya cinye wa fatar hannu. Sannan sabon shugaba ya tashi ya ce an yanke shawara yau Si Monji ba zai ce uffan ba. Shekara ashirin da bakwai yana magana jama'a na ci, yau shi zai ci jama'a na magana. Aka yi tafi sosai, wasu ma har da ajiyar zuciya.

Ya kama burodi da zaitun da yajin harisa ya yi ta ci, ko ya samu ya ce ya ƙoshi. Aka kawo romo, ya yi ta juya cokali yana kallon jiragen da ke shigowa kamar yana nazarin wani abu. Aka kawo jatan lande, ya tura wa baƙuwa, ta yaba da karamcinsa. Har ya fara sa ran zai tsira, sai ga Rida da masu girki biyu sun fito ɗauke da wani katako, a kai wani ƙaton kifi da aka gasa ɗungurungum, an jera masa lemon tsami tun daga kai har wutsiya. Lutfi ne ya kamo shi da asuba, ya hana kowa taɓawa. Rida ya datse kan da hannunsa, ya ajiye gaban mai walima. Kifin ya buɗe baki yana kallon Si Monji da farin ido.

Lutfi ya sa ƙaramin cokali ya ƙwaƙulo idon, domin a wurin masunta ba a ba wa kowa shi sai wanda ake girmamawa. Ya kai shi dab da bakin abokinsa. Mai hoto ya matso. Si Monji ya leƙa ƙarshen tebur yana neman agaji, ya hango Shadliyya ta duƙufa a kan ƙaguwa, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ƙarni ya daki hancinsa, gumi ya jiƙe masa wuyan riga. Ya tuna cewa ranar wanka ba a ɓoye cibi.

"Lutfi, ajiye cokalin nan," in ji shi. "Ni ba na cin kifi. Rabona da shi tun ina ɗan shekara shida."

Lutfi ya sauke cokalin, ya dube shi.

"To wanda nake aiko maka duk Juma'a fa, shekara talatin?"

"Sai ka tambayi Shadliyya."

"Kai, amma ka cika tsohon munafuki," in ji Lutfi a hankali. "Ni ina hana 'ya'yana ina kai maka."

Ƙananan maganganu suka fara tashi. Wani ya ce ashe shi ya sa bai taɓa damuwa da rashin kyan ƙanƙarar adana kifi da ake sayar musu ba. Si Monji ya sunkuyar da kai yana jiran abin da zai biyo baya, amma can ƙasan ransa wani sanyi yake ji, kamar wanda ya sauke buhun gishiri.

Sai Madam Nabiha ta miƙe, ta goge yatsunta, ga tarin ɓawon jatan lande a gabanta. Idonta ya cika da hawaye. Ta ce shekara goma tana yawo daga tasha zuwa tasha tana neman mutum irin wannan, ɗan masunta jikan masunta, wanda tun yana yaro ya hango teku na ƙarewa, ya haramta wa kansa abin cikinsa, bai kuma taɓa yin fariya da hakan ba.

"Ranki ya daɗe, ba haka ba ne," in ji Si Monji. "Ƙaya ce ta maƙale mini."

"Kun ji ko?" Ta juya wajen mai hoto. "Ƙaya ta maƙale masa a rai. Da ma ta maƙale mana duka."

Masunta suka dubi juna, suka dubi na'urar da ke ɗaukarsu, sai kowa ya tuna ai shi da ma ya daɗe da sani. Wani ya rantse ya taɓa ganin Si Monji yana mayar da ƙananan kifaye cikin ruwa a tsakiyar teku, alhali mutumin bai taɓa taka jirgi ba sai wanda ke ɗaure. Sabon shugaba ya ce wannan ita ce tarbiyyar da ƙungiya ta ginu a kanta. Rida ya ce daga gobe akwai sabon abinci mai suna farantin Si Monji, gasasshen tattasai da tumatir, babu kifi ko ɗigo. Aka ci gaba da tafi ana kuma ci gaba da yagar kifin, kafin a gama yabon ba abin da ya rage sai ƙashin baya. Lutfi ya jefa idon a bakinsa, ya tauna, bai tafa wa kowa ba.

Kwana biyu aka nuna walimar a talabijin. Kafin mako ya zagayo labarin ya yi 'ya'ya, aka ce bawan Allahn nan ba ya cin duk wani abu mai rai. Makarantu suka fara gayyatarsa ya yi wa ɗalibai nasiha, a ƙarshe a ajiye masa miyar wake da ganye. Ranar da ya je wajen mahaucin unguwarsu sayen haƙarƙarin rago, mutumin ya dafa ƙirji ya ce shi dai ba za a haɗa baki da shi a karya alkawarin shekara sittin ba, in jarraba shi ake yi to ya ci jarrabawa. Shadliyya ta aiki maƙwabciya ta sayo, amma da ƙanshi ya tashi sai ga matan layi a ƙofa suna tambayar ko lafiya.

Wata guda ya daure. Ran nan ya sa baƙin tabarau da hula, ya ɗauki tasi ya ce a kai shi wani ƙauye a hanyar Matir inda ake gasa rago a bakin titi. Tafiyar kusan awa guda ce. Suka zauna can lungu shi da direban, ya ce a gasa masa kilo guda, a bar kitsen. Mai gashi ya tafi, ya dawo, ya tsaya yana ƙare masa kallo, sai fuskarsa ta washe. Ya ce ai ya gane shi, ya kuma gane naman na direba ne, haka manya suke, ba sa mantawa da na ƙasa da su. Ya kira ƙannensa aka yi hoto. Sannan ya kawo masa tattasai da albasa da ya gasa a wata wuta daban, don kada maiƙo ya taɓa, ya ce wannan kyauta ce.

Direban ya ja farantin naman gabansa, ya yi bisimilla. Si Monji ya cire tabarau, tunda ba su da sauran amfani, ya yagi burodi ya fara cin tattasansa. Da suka kama hanyar gida, direban ya ce gaskiya Baba ya yi asara, naman ya yi laushi, amma ya san irinsu ladansu na can gaba.