Yashin Zubairu

Motar da Zubairu ke raba wa shaguna ruwan gora da ita tsohuwa ce, kwancen wata ƙasa mai ƙanƙara. Ta zo da akwatin ƙarfe a gaban tayoyin baya: ka danna maɓalli, ya zubo yashi don kada taya ta zame. Duk unguwar Hayyin Ashir ta Alƙahira an yi dariya. An kawo wa Masar injin yashi.

Mai motar shi ne Muhannad, ƙanin Awadiyya, matar Zubairu da ta rasu.

"Yaya, khalas, ya isa haka, a yanke akwatin nan," in ji shi. "Nauyin banza ne. Ina ƙanƙara a Alƙahira?"

"Yayarka ma ba ƙanƙara ce ta kashe ta ba."

Ruwan farkon hunturu ne. Garin nan kan yi wata da watanni ba ɗigo, titi ya sha baƙin mai da ƙura, ran da aka yi yayyafi ya koma sabulu. Mikrobas, ƙaramar motar hayar da Awadiyya ta shiga, ta zame a kwanar wata gada ta Madinat Nasr. Masu ta'aziyya suka ce ƙaddara. Zubairu bai musa ba, ya dai lura ƙaddarar tana yawan ziyartar wannan kwana.

Injin ba ya cin ɗanyen yashi, toshewa yake. Saboda haka duk Juma'a yakan shanya yashi a saman bene, ya tankaɗe da rariyar Awadiyya. Maƙwabta suka ce ya taɓu.

A Disamban 2013 aka wayi gari da ruwa. Wajen azahar Muhannad ya kira shi.

"Kana ina? Shaguna na jira."

"Kan gada. Zagayawa nake."

"Don tayoyinka aka yi abin nan, ba don titin gwamnati ba. In ba ka sauko ba, ka kawo mini makulli."

"To, tamam. In yashin ya ƙare."

Zubairu ya sake hawa gadar, ya danna maɓalli, ya sha kwanar a hankali, ya sauka, ya sake zagayowa. Direbobin baya suna ta hon, suna zaginsa, suna wucewa a kan yashinsa.

Da la'asar akwatin ya yi wayam. Ya tsayar da motar a ƙofar shagon Muhannad, kaya na nan yadda aka loda su, ya miƙa makulli.

"Yaya, ma'alish, yi haƙuri, zauna mu yi magana."

"Yanzu kana iya yankewa. Miƙo mini rariyar dai, tana ƙarƙashin kujera."