Rajistar Malam Na'Allah

Shekara takwas Malam Na'Allah ya yi yana hedimasta a wata firamare a bayan Malumfashi, kafin ya ajiye alli ya taho Kuala Lumpur. Yanzu a unguwar Chow Kit yake, a wani ɗan shago, yana ɗaure wa ɗalibai kaya a kwali yana aika musu gida. Amma tafiyar hedimasta ba ta sake shi ba. Hannu a baya, kai a sama. Ko a layin shiga jirgin ƙasa sai ka ga kamar zai ce wa mutane su daidaita sahu.

Iyaye 'yan Najeriya na unguwarsu, Danau Kota, suna da 'yar makarantarsu a saman wani mamak, wato gidan cin abinci, ɗaki huɗu, ƙamshin roti na hawowa ta taga tun safe. Mutum biyar ne a kwamitinta. Da ɗayansu ya gama karatu ya koma Kaduna, kujerarsa ta zama ba kowa. Na'Allah ya ce yana so.

A takarda manufofinsa uku ne: asambili kowace safiya, haddar jadawalin lissafi, da darasin Hausa ranar Asabar. Biyun farko rakiya suka yi.

Dalilinsa na gaskiya 'yarsa ce, Hadiyya, mai shekara goma. Tana da shekara biyu aka zo da ita. Uwarta Hasanatu na sayar da turare a Bukit Bintang, don haka a hannun wata maƙwabciya 'yar Malesiya yarinyar ta buɗe baki. Turanci a bakinta kamar ruwa, Malay ma haka. Hausa kuwa "lafiya lau" kaɗai ta riƙe, da shi take amsa komai.

Duk Juma'a da la'asar Inna, mahaifiyarsa, takan kira daga Malumfashi. Sai a miƙa wa Hadiyya waya.

"Ƙawata, me kika ci yau?"

"Lafiya lau."

"Yaushe za ki zo ki tsefe mini kai?"

"Lafiya lau, Nenek." Haka ake ce wa kaka da Malay.

Wata Juma'a ya karɓi wayar daga hannun yarinyar. Inna ta ce, "Na'Allah, idona ya kusa tafiya, kunnen ne ya rage. In zan ji muryar yarinyar nan, in ji ta da abin da zan gane."

Washegari ya rubuta sunansa a takardar takara.

Akwai kuma abin da bai taɓa sa wa a lissafi ba. Hadiyya 'yar fari ce, shi kuwa a gidansu ba a kama sunan ɗan fari, ba a zama hira da shi. Haka ya ga mahaifinsa ya yi da babban ɗansa, yayan Na'Allah, har tsohon ya rasu. Hasanatu ta daɗe da ajiye tata kunyar a filin jirgin Kano, amma shi ya taho da tasa cikin akwati. Yarinyar na zaune gab da shi zai ɗaga murya ya ce, "Hasanatu, ce wa yarinyar nan ta rage fanka." Hasanatu ta faɗa da Turanci, a rage fanka. Shekara takwas ana haka a ɗaki biyu da falo.

Abokiyar takararsa Priscilla ce, 'yar Kafanchan, mai karatun aikin jinya. Motar ɗaukar yara take so a samar. Kamfen ɗinta saƙo ɗaya ne, layi huɗu, a zauren iyaye na waya.

Na'Allah ya ce wannan ba siyasa ba ce, raini ne. Mutum ka je ƙofarsa, ka gaishe shi, ka tambayi iyali. Ya sayo goro a Chow Kit, ya sa aka yi masa tapau, ƙullin shinkafa da kaza a leda, ya shiga bin gidaje bayan ya tashi daga shago. Sai dai gidajen Danau Kota ba zaure gare su ba. Mai gadi ya tsare shi a ƙofa yana neman kati. Lif ta ƙi motsi sai da kati. Gidan Murja mai ɗinki a hawa na goma sha tara yake, kuma da ƙafa ya hau, da ledoji a hannu. Da ta buɗe ƙofa, sallamar ma da hannu ya yi ta.

"Malam! Wuta ta tashi ne?"

"Ƙuri'a," ya ce, da numfashi ya dawo.

"Haba Malam, ai muna tare."

Kowa haka ya ce. Gida talatin da ɗaya ke da ƙuri'a, kuma a littafinsa ya yi wa talatin da ɗaya alama. Hasanatu ta leƙa ta kafaɗarsa.

"Malam, har da Gamaliel? Mijin Priscillar?"

"Da bakinsa ya ce muna tare."

"Da cinyar kaza a bakin nasa ko kafin ya ɗauka?"

Ya rufe littafin.

Ranar Lahadi aka taru bayan azahar, lokacin da masu coci suka dawo. Manya suka takure a kujerun yara, gwiwa na taɓa haɓa. Alhaji Muhyiddeen, shugaban kwamiti, ya ba kowa minti biyar. Priscilla ta yi uku ta zauna. Na'Allah ya miƙe, ya gyara hula, ya fara daga shekarar da ya shiga kwalejin horon malamai. A minti na ashirin ya iso Malesiya.

"Yaranmu sun zama baƙi a wayar kakanninsu!" ya ce, yana buga tebur. "Kuma laifin waye? Na iyaye! Uba ya kasa zama da ɗansa ya yi masa magana da harshensa!"

Aka tafa. Gamaliel ya ɗaga hannu, fuskarsa kamar ta mutumin kirki.

"Malam, 'yar tambaya ce. Kai da taka, da wane harshe kuke hira a gida?"

Na'Allah ya duba agogo. "Yarinyar tana ƙoƙari."

"Wace yarinya? Mata sun fi ashirin a makarantar nan. Ka faɗa mana sunanta dai, mu sani."

Murja ta yi magana daga baya. "Kai Gamaliel, ka ji tsoron Allah! 'Yar fari ce. So kake hular ta faɗo?"

Ɗakin ya ɗauki dariya, har Alhaji Muhyiddeen sai da ya cire tabarau ya goge ido. Na'Allah ya tsaya da hannu a baya. Ya nemi fuskar Hasanatu, ya tarar ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. A karon farko ya ji maganar da ya gama faɗa ta zagayo ta tsaya a gabansa.

Priscilla ce ta miƙe.

"Ku bar Malam ya sha iska. Ni ma Noah ɗina, mamata na yi masa waƙar coci da Hausa a waya, shi yana kallonta kamar talabijin. Abin na damuna. Amma Malam, a garin nan wa zai koyar?"

"Za a nemo malami."

"A ina? Ga hedimasta a tsaye, shekara takwas, yanzu ka ba mu tarihin."

Alhaji Muhyiddeen ya mayar da tabarau. "To ka ji. In ka ci, kai za ka shiga aji. Boleh? Ka yarda?"

Hedimasta ba ya cewa ba zai iya shiga aji ba. "Na ji," ya ce.

A gwangwanin biskit aka jefa ƙuri'a. Goma sha takwas nasa, goma sha uku na Priscilla. Ya yi mata alkawarin zai kai maganar mota gaban kwamiti, ta ce za ta riƙa tuna masa duk Litinin. A hanyar gida bai yi murna sosai ba. Yana ta tunanin su waye sha ukun nan da suka ci masa shinkafa.

Asabar da ƙarfe uku ya shiga aji da babbar riga. Yara goma sha huɗu. A kan tebur Priscilla ta ajiye masa rajista, ta buga sunaye bi da bi, ta ja layi a ƙarƙashin dokar makaranta: malami ya kira kowane suna da baki. A bakin taga kuwa iyaye sun yi cincirindo, wai rakiya suka zo. Gamaliel har da shayinsa.

Na'Allah ya buɗe rajista. Dubban sunaye ya kira a rayuwarsa.

"Abdulrahman."

"Present."

"Abdurrahim."

"Present."

Ya ga na gaba. Ya yi tari, ya gyara hula, ya tsallake.

"Hisham."

Hannu ya tashi a layin farko. Hadiyya ce, da sabon littafi a gabanta. "Teacher, you skip me."

Ba wanda ya yi dariya a taga. Fanka na juyawa, daga ƙasa ana jin mai mamak na buga faranti. Na'Allah ya dubi takardar. Ya tuna mahaifinsa, ya tuna yayansa da ya girma ana ce masa "wannan". Sannan ya tuna kunnen da ya rage a Malumfashi.

"Hadiyya Na'Allah."

Muryar ta fito kamar ta aro ce.

"Present!"

"Na'am ake cewa."

Ta dube shi. Ita ma ba ta saba ganin idonsa a kanta ba. "Na'am, Malam."

Sai wata murya ta taso daga taga, siririya, mai karkarwa. "Wa na ji ta ce na'am?"

Hasanatu ce ta ɗaga waya sama da kan Gamaliel. Tun shigarsa aji ta kira Inna.

Na'Allah ya karɓi wayar ta taga ba tare da ya dubi matarsa ba. Ya durƙusa a gefen kujerar yarinyar, babbar riga na shara ƙasa.

"Ki ce, Inna ina kwana, ya ƙarfin jiki."

"Inna ina kwana. Ya karfin jiki."

Inna ta yi guɗa, sannan ta kwararo magana ba tsayawa, addu'a da tsokana a haɗe. Hadiyya ta saurara har ƙarshe. Ta buɗe baki za ta ce lafiya lau, sai ta fasa. Ta juya, ba wajen uwarta ba, wajensa.

"Baba, what did she say?"

"Ta ce kanta na nan yana jiranki, ba wanda zai tsefe sai ke," ya ce. "Tsifa. Buɗe littafinki ki rubuta. Daga nan za mu fara."