Hujin Gindin Tukunya

Dashen lemon tsamin gidan ya mutu, kuma maigidan ne ya kashe shi, wai shi mai gyara.

Aikinsa fentin mota. A gareji kowa ya san halinsa, in ya ga huji a jikin ƙarfe ba ya iya zama sai ya toshe. Ran da matarsa ta sayo tukwanen ƙasa na shuka, ta shimfiɗa tsofaffin jaridu a baranda, ta ce kowa zai yi wa tasa ado, cewa ya yi wasan yara ne. Amma da ya ga yadda babbar 'yarsa ta riƙe buroshi kamar mai shara, sai ya jawo kujera.

'Yar ta zana furanni. Autan ya zana wani abu da ya rantse kyanwa ce, uwarsa ta ce ita dai buhu take gani mai kunnuwa. Maigidan ya ɗauki babbar tukunyar da za a dasa lemon a ciki, ya goge ta da sanfefa, ya shafa mata shuɗi mai ƙyalli. Da ya kifa ta sai ya ga huji a gindinta. Ya yi tsaki, a ransa ya ce an cuci baiwar Allah a kasuwa. Bai faɗa mata ba don kada ranta ya ɓaci. Washegari ya ɗebo fila a gareji, irin wadda suke cike lotsawar mota da ita, ya liƙe hujin sumul, ya bi da fenti.

Dashen kuwa daga gidan surukarsa ya fito, daga bishiyar da marigayi mijinta ya shuka. Duk sanda tsohuwar ta bugo waya, lemon take fara tambaya kafin jikoki.

Aka dasa lemon a tukunyar. Ba a daɗe ba ganye ya fara rawaya. Maigidan ya duba, ya ce ƙishirwa ce, a ƙara ruwa. Aka ƙara. Ranar da wari ya tashi, matar ta zazzage ƙasar, ta tarar da saiwa ta ruɓe cikin caɓi. Ta juya tukunyar, ta shafa gindin, ta ɗago kai.

"Baban yara, ina hujin nan?"

"Ai na gyara miki."

Ta ce masa ai ta nan ne ruwa ke fita. 'Yar ta tashi da sauri, wai za ta ɓoye rariyar kicin kafin Baba ya gan ta. Shi dai bai yi dariya ba, ya ce ai da sai mai tukwanen ya yi bayani.

Matar ta ce ita bakinta ba zai iya gaya wa Inna ba. Wanda ya yi gyara shi zai je, kuma kada ya dawo babu wani dashen.

Ya huda tukunyar da kansa, ya rungume ta a cinya cikin bas har unguwar surukarsa. Ya gaishe ta, ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya fito da maganar. Tsohuwar ba ta yi faɗa ba. Ta ja tukunyar gabanta, tana juya ta a hankali, tana duba fuskarta a jikin fentin.

"Wannan aikin hannunka ne, ɗana?"

"Nawa ne, Inna."

"Ashe haka ka iya, tsatsa ke cin ƙofar gidana?"

Ta ce akwai wani dashen, amma bai yi ƙwarin da za a cire shi ba tukuna. Kafin ya yi, ga ƙofa, ga tagogi, ga tankin ruwa, duk suna jiran fenti.

Haka duk ranakun hutunsa suka ƙare a kan tsani a gidan suruka. Launin da ta zaɓa ruwan hoda ne, kuma duk wanda ya zo wucewa sai ta tsayar da shi ta gaya masa wanda ya yi.