Takardar da Ke Jikin Firjin Guduma

"Sake busawa, Wendell, ban samu na ɗauka ba!" in ji wani abokinsa da ke riƙe da waya.

Wendell ya ajiye kwalbar giyarsa a kan mota, ya mayar da usur baki. A kan ciyawar ƙofar gida, yayansa Lucius ya riga ya duƙa, gwiwoyi a lanƙwashe, hannaye a buɗe, ido ƙur a kan durom ɗin shara. Mutum mai shekara hamsin da takwas, da silifas da wandon barci. Usur na tashi ya kwasa a guje ya kai wa durom karo da ka. Abokan Wendell da ke gashin haƙarƙari a gefe suka kwashe da dariya, kowa da waya a sama.

Odessa Pruitt, maƙwabciyar Lucius, dawowarta ke nan daga coci, ko hula ba ta cire ba.

"Wendell! Ba ka tsoron Allah?"

"Haba Anti Odessa, motsa jiki ne. Shi ma daɗi yake ji. Ko ba haka ba, Guduma?"

Shekara goma sha ɗaya Lucius Broadnax ya yi cikin ƙwararrun ƙwallon Amurka. Aikinsa tsayuwa bayan sahun gaba, duk wanda ya ɓullo da ƙwallo ya haɗa shi da ƙasa. Da ka yake shiga mutane, shi ya sa aka sa masa Guduma. Har yau hotonsa na jikin bangon shagon aski, da lamba hamsin da bakwai a ƙirji. Yanzu kuwa, bayan duk karon nan da ka, sunan titinsu ma ɓace masa yake yi, sai ya sa buta a wuta ya tafi yawo. Usur kaɗai ne bai manta ba, kuma ƙanensa da ya dawo gidan da sunan jinya ya gano hakan tun makon farko.

A busa ta uku Lucius ya kifar da durom, ya miƙe a hankali, ya je ya zauna a matakala. Ya kama kansa da hannu biyu, sannan ya zame gefe. Sai da Odessa ta tsallako shinge tana ihu kafin wayoyin suka sauka. Kafin la'asar asibiti suka ce ya cika.

Ba ta tsaya kuka ba. Ta shiga kicin ɗinsa ta ciro takardar da ke manne a jikin firji shekara uku. Wata safiya da kansa ya washe ya rubuta ta a gabanta: *In na mutu a ba likitoci ƙwaƙwalwata su duba. A faɗa wa Renita abin da suka gani.*

Renita 'yarsa ce tilo. Rabonta da shi shekara ashirin, tun ranar da ya karya wa uwarta muƙamuƙi a kan an sauya masa tashar talabijin.

"Odessa," ya ce mata ranar da ya rubuta takardar, "ban sani ba ko ni ne na doke ta, ko abin da ke cikin kan nan. Sai mutum ya mutu suke iya gani. Ki yi min alkawari."

Ta yi alkawarin. Yanzu likitan asibitin ya ce kwana ɗaya gare su kafin masu shirya gawa su zuba mata maganin da zai lalata ƙwaƙwalwar, kuma takarda ba ta isa ba, sai 'yarsa ta sa hannu.

Ta samu Wendell a harabar asibiti yana waya da tsofaffin 'yan ƙungiyar ƙwallon Lucius. Ta nuna masa takardar.

"A fasa masa kai?" Ya zaro ido. "Ranar Asabar akwati a buɗe za a bar shi, cikin rigarsa ta wasa. Har 'yan talabijin za su zo. Yayana zai je gaban Ubangiji da kansa cikakke."

"Kan da ka gama fasawa da durom?"

"Anti, ke maƙwabciya ce fa. Ki tsaya a matsayinki."

Ta koma motarta ta kira Renita a can garin Tucson. Ta faɗa mata rasuwar, ta karanta mata takardar sau biyu. Sai Renita ta tambaya:

"Ya sha wahala?"

"Ya sha, 'yata. Ya daɗe yana sha."

"To."

"Sa hannu kawai suke so. Za su turo miki ta waya, minti biyu."

"Anti, in sun buɗe sun ga cuta, sai me? Sai in je kabarin Mama in ce mata ta yi haƙuri, ashe ciwo ne ya sa ta yi wata biyu tana cin abinci da tsinken shan lemo?"

"Ba haka yake nufi ba."

"Haka yake nufi. Duk rayuwarsa in ya illata mutum tafa masa ake yi. Yanzu kuma likita yake so ya wanke shi." Muryarta ba ta ko rawa. "Shekara ashirin na yi kafin na iya tsanarsa ba tare da na ji ciwo ba. Tsanar kaɗai ya bar min. Ba zan ba shi ba."

"Renita, in kuma gaskiya ne fa? In ba shi ba ne?"

"Ba na so in sani. A rufe shi da kansa, abin da ke ciki nasa ne."

Odessa ta so ta ji haushinta, ta kasa. Ta zauna da takarda a cinya.

Ranar Asabar coci ta cika maƙil. An gyara Lucius tsaf, an shafe tabon goshin da hoda, lamba hamsin da bakwai a ƙirji. Renita ba ta zo ba. Ƙattin tsofaffi masu ɗingishi suka yi ta ba da labarin mutanen da ya sumar, ana dariya ana share hawaye. A bakin kabari Wendell ya ce a yi wa gwarzo bankwana irin na fili, ya ciro usur ɗin nan ya busa sau uku. Odessa ta tsinci kanta tana kallon murfin akwatin, kamar zai taso.

Ranar Litinin da safe ta fito kai shara. Durom ɗin Lucius na nan a bakin titi, a loɓe, murfin ya ƙi rufuwa. A kan ciyawa akwai gurabe biyu da suka zama ƙasa tsirara, daidai inda yake kafa ƙafafunsa. Ta ɗan tsaya tana kallonsu. Sannan ta shiga gida, ta miƙar da takardar da tafin hannu, ta manna ta a jikin nata firjin.